Yatsan ƙafa da ke tashin magidanci tsakar dare

A Zongon Lome, idan magidanci ya kwanta lafiya lau, tsakar dare babban yatsan ƙafarsa ya kumbura yana zogi har ba ya son mayafi ya taɓa shi, sai a ce ya taka wani abu ne, ko sanyin ƙashi. Sau da yawa ciwon da likitoci ke kira gut ne, kuma tushensa wani sinadari ne a jini mai suna asid yurik.

Jiki ne ke haifar da shi, ƙoda ta fitar da kusan kashi 2 cikin 3 ta fitsari. In ya haura miligiram 68 a litar jini, yana iya daskarewa a gaɓoɓi kamar ƙananan allurai. Sai fararen ƙwayoyin jini, dakarun garkuwar jiki, su ɗauke su abokan gaba. Su haɗiye su, su buga gangar yaƙi, wasu dubbai su yi dafifi a wurin. Kumburin da zafin nan, faɗan dakarunka ne a cikin gidanka. A 2006 masu bincike a Jami'ar Lozan ta Suwizalan suka gano yadda ake kunna wannan wuta.

Abin tsoron shi ne gut ba ya tafiya shi kaɗai. Ƙiba, hawan jini, ciwon suga da ciwon ƙoda su ne abokan tafiyarsa. Kuma ba cutar Turawa kaɗai ba ce: Farfesa Moustafa Mijiyawa, tsohon ministan lafiya na Togo, ya wallafa bincike a kan masu fama da ita a Lome tun 1995.

Mu kuwa mutanen tsire ne da farfesun kayan ciki, balle da Babbar Sallah. Hanta, ƙoda, jan nama da lemon kwalba duk suna ƙara asid yurik, haka ma wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Amma gado da raunin ƙoda sun fi abinci tasiri, don haka ƙaurace wa nama kaɗai ba ya wadatarwa.

Don Allah a daina dogaro da diklofenak na bakin titi. Yana kwantar da zogi, yana cin ƙoda. A je asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokoin, ko asibiti mafi kusa, a auna asid yurik, suga, hawan jini da ƙoda tare. In likita ya rubuta alofurinol, kada a ajiye shi don ƙafa ta lafa.