GASA ƊAN NAMA A GIDA: ABIN DA MAI JUNA BIYU DA IYALINTA YA KAMATA SU SANI



A ɗakin awo ana yawan tambaya a kan nama. Wata kwaɗayin gasasshe ne yake damunta tun da cikin ya shiga, wata kuma an ce mata kada ta ci don kada ɗan ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Amsar ita ce nama abinci ne mai amfani ga mai ciki, da sharaɗin ya gasu har cikinsa. Wanda bai gasu ba yana iya cutar da ke da abin da ke cikinki. Ga dalili, ga kuma yadda za ki gasa ɗan yanki kamar rabin kilo a gida, ko kina da obin ko ba ki da shi.

ME YA SA KIKE BUƘATAR NAMA?

Idan mace ta ɗauki ciki, jinin jikinta yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake a da, domin ya wadatar da ita da jariri. Jiki ba ya iya haɗa wannan jini sai da sinadarin ƙarfe, wanda likitoci ke kira ayon. Idan ya yi kaɗan sai a sami ƙarancin jini. Alamominsa su ne yawan gajiya, jiri, haki bayan ɗan aiki, bugun zuciya da sauri, sannan cikin ido da tafin hannu su yi fari. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin mata masu ciki 100 a Nijeriya, kimanin 61 suna da ƙarancin jini. Macen da ta shiga naƙuda da jini kaɗan, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya kai ta ga halaka.

Akwai wannan sinadari a wake, zogale, alayyahu da gero, amma na cikin nama da kifi shi jiki ya fi saurin ɗauka. Ƙari a kan haka, ɗan nama a cikin abinci yana taimaka wa jiki ya ɗauki na wake da ganyen da aka ci tare da shi. Saboda haka ba sai an cika tukunya ba. Yanki kamar tafin hannunki, sau biyu ko uku a mako, yana da tasiri. Ranar da babu halin nama, kifin kogin Haɗeja kamar tarwaɗa da karfasa, ko dafaffen ƙwai, su ma suna gina jiki.

Sai dai a lura: nama ba ya maye gurbin maganin ƙarin jini da ake ba ki a wajen awo. Mai ciki tana buƙatar kimanin miligiram 27 na sinadarin ƙarfe a kullum, alhali giram 100 na jan nama bai wuce miligiram 2 zuwa 3 ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta sha ƙwayar ƙarin jini da ta folik asid kowace rana. Batun cewa nama ne ke sa haihuwa ta yi wuya kuwa camfi ne. Uwa mai ƙarfi da isasshen jini ita ta fi jure naƙuda.

HAƊARIN NAMAN DA BAI GASU BA

A lokacin goyon ciki, garkuwar jikin mace tana ɗan sassautawa, don haka ƙwayar cutar da maigida zai ci ya tashi lafiya, ke tana iya kwantar da ke. Ga manya daga cikinsu:

1. Tokzoplasma. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana ɓuya a cikin tsokar rago, tunkiya da akuya, ana kuma samunta a kashin kyanwa da ƙasar da ya taɓa. Sau da yawa uwa ba ta jin komai, ko ta ji ɗan zazzaɓi kawai. Amma idan a lokacin cikin ta fara kamuwa, cutar tana iya ratsa mabiyiya ta jawo ɓari, ko ta lalata ido ko ƙwaƙwalwar jariri.

2. Ƙwayoyin da ke kawo amai da gudawa, kamar salmonela. Suna zama a jikin ɗanyen nama da na kaza, suna kuma haihuwa da sauri a lokacin zafi. Gudawa mai tsanani da zazzaɓi suna ƙarar da ruwan jiki, har su tayar da naƙuda kafin lokaci.

3. Tsila. Ana kamuwa da ita ta cin naman shanun da bai dahu ba. Tana zama a hanji tana raba abinci da mai ita.

Abin farin ciki shi ne wuta tana kashe su duka. Idan zafi ya kai digiri 70 a ma'aunin salshiyos har tsakiyar naman, an tsira. Gishiri, yaji, lemun tsami ko shanya a rana ba sa yin wannan aiki.

SAYEN NAMA

Maigida, wannan ɓangaren naka ne. Ko a kasuwar Kafin Hausa ne, ko Haɗeja, ko Auyo, ka je da safe lokacin da ba a daɗe da yanka ba, wajen mahaucin da ka san yankansa. Nama mai kyau ja ne garau, ba ya yauƙi, ba ya wari, idan ka danna shi da yatsa sai wurin ya dawo. Ka guji wanda ya wuni a tebur ƙudaje na binsa.

Kada ka sayi naman dabbar da aka yanka don tana ciwo, ko wadda ta faɗi ba a san dalili ba, komai arharsa. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antiraks a wata gona a Suleja ta Jihar Neja, cutar da mutum ke ɗauka daga taɓa ko cin naman dabbar da ta kamu. Irin wannan nama gashi ba ya gyara shi, binne shi ake yi bisa shawarar malaman dabbobi.

Don gashi, tsokar cinya ko ta gadon baya ta fi, saboda ba ta da yawan jijiya. A sa naman a ledarsa daban, kada ruwansa ya taɓa tumatir, latas ko kabeji.

KAFIN A ƊORA

Ki wanke hannu da sabulu kafin taɓa nama da bayan taɓawa. Idan za ki wanke naman, ki yi a kwano ɗaya, ki zubar da ruwan nesa da inda yara ke wasa, sannan ki wanke kwanon da sabulu. Wuƙa da katakon da suka yanka ɗanyen nama ba za su yanka albasar da za a ci ɗanya ba sai an wanke su. Ruwan ma ya zama mai tsabta. A garuruwanmu na bakin kogi, ambaliya irin ta 2022 tana gurɓata rijiyoyi, don haka idan ana shakkar ruwa a tafasa shi.

Idan naman ya ƙanƙare a firiza, a bar shi ya narke a cikin firji, ko a sa shi a leda a tsoma a ruwan sanyi ana canza ruwan. Kada a ajiye shi a rana ya wuni. Wanda ya narke saboda ɗauke wuta har ya huce, ya kuma canza wari, a haƙura da shi.

Ki daka citta, tafarnuwa, masoro da ɗan kanumfari, ki haɗa da gishiri kaɗan da man gyaɗa cokali ɗaya. Ki tsattsaga naman da bakin wuƙa, ki shafe shi da haɗin, ki rufe na minti 30. Idan ƙwannafi na damunki, ki rage barkono, ki kuma cire kitsen da ya yi yawa. Kada ki zuba kanwa don ya yi laushi, kada kuma ki cika sinadarin ɗanɗano, domin dukansu gishiri ne a jiki, gishiri mai yawa kuwa bai dace da mai hawan jini ko ciwon zuciya ba. Kada ki ɗanɗana haɗin bayan ya taɓa ɗanyen nama.

YADDA AKE GASHIN

Idan da obin:

1. Ki kunna shi minti 10 zuwa 15 kafin ki sa naman, a kan digiri 180.
2. Ki shimfiɗa yankakkiyar albasa a faranti, ki ɗora naman a kai, ki zuba ruwa kamar rabin kofin shayi a gefe. Ruwan ne ke hana ƙaramin yanki bushewa.
3. Ki rufe da murfi ko takardar foyil, ki bar shi minti 40.
4. Ki buɗe, ki juya shi, ki ɗebi romon da cokali ki zuba a kai, ki mayar a buɗe na minti 20 don ya yi ja.
5. Ki duba cikinsa. Idan bai yi ba, a ƙara minti 10 a sake dubawa.

Ke nan rabin kilo yana ɗaukar kimanin awa ɗaya. Amma obin ya bambanta, kaurin nama ma ya bambanta, saboda haka agogo jagora ne kawai.

Idan babu obin, tukunya mai kauri za ta yi aikin, kamar yadda ake gasa kek. Ki zuba wankakken yashi a gindinta, ki ɗora a kan gawayi ta yi zafi, ki sa kwanon naman a kan yashin, ki rufe, ki zuba 'yan garwashi a kan murfin. Ko kuma ki yi gashin tukunya: ki yanka naman ƙanana, ki sa albasa da ruwa kaɗan, ki rufe a kan wuta marar ƙarfi har ruwan ya tsotse, naman ya fara soyuwa a cikin mansa.

Babban kuskure a gashi shi ne wuta mai ƙarfi. Bayan nama sai ya ƙone, a ɗauka ya gasu, alhali cikinsa ɗanye ne. Sannu ba ta hana zuwa. Haka kuma kada a kunna gawayi a cikin ɗaki a rufe, ko da lokacin hunturu ne. Yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana cutar da uwa da ɗan cikinta.

YAYA ZA KI GANE YA GASU?

Ki tsaga wurin da ya fi kauri, ko kusa da ƙashi. Kada ki ga ja ko ruwan hoda a ciki, ruwan da ke fitowa kuma ya zama garai-garai babu alamar jini. Mai ma'aunin zafi na girki ta soka shi a tsakiya: digiri 70 ko fiye ga jan nama, 74 ga kaza da zabo. Bayan an sauke, a rufe shi minti 10 kafin a yanka, don romon ya zauna a ciki. Kada a mayar da shi farantin da ɗanyen ya zauna.

CI DA AJIYA

Ki ci da zafinsa, tare da tumatir, lemun zaƙi, gwaba ko ruwan lemun tsami, domin sinadarin bitamin C da ke cikinsu yana ƙara wa jiki ɗaukar ƙarfe. Shayi kuwa yana rage shi, don haka a bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci ko maganin ƙarin jini.

Dafaffen nama kada ya wuce awa biyu a ajiye a waje, a lokacin bazara ma awa ɗaya. Idan akwai firji mai wuta, a rufe a sa, a cinye cikin kwana biyu. Duk wanda ya kwana sai an sake ɗumama shi ya yi zafi har ciki. Wannan ne ma amfanin gasa kaɗan: abin da za a cinye a zama ɗaya.

Wannan ƙa'ida ta shafi naman layya da na suna, inda nama ke yawa, ajiya ke wuya. Ta shafi tsire da balangu: a saya yana sauka daga wuta, idan ya huce a ɗumama a gida, a bar ɗanyen kabejin da ba a san ruwan da ya wanke shi ba. Kilishin da ya daɗe a buɗe shi ma a ɗora shi a wuta kafin a ba mai ciki.

Game da hanta, tana da sinadarin ƙarfe sosai, amma tana da bitamin A mai yawan gaske, wanda idan ya wuce kima yana iya yi wa halittar jariri lahani, musamman a watanni uku na farko. Kada ki mayar da ita abincin kullum, ki tambayi ungozoma a wajen awo kafin ki ci.

YAUSHE ZA A GARZAYA ASIBITI?

Kada a jira gari ya waye idan mai ciki ta sami ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi, amai ko gudawa da suka ƙi tsayawa, jini a bayan gida, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, zubar jini ko ruwa ta gaba, ko kuma motsin jariri ya ragu. A fara ba ta ruwan gishiri da sukari a kan hanya. Kada a saya mata magani a kemis ba tare da ganin ma'aikacin lafiya ba, domin wasu magungunan ba su dace da mai ciki ba.

A ƙarshe, ki tuna cewa a yankinmu zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna shanye jini. Ki kwana a cikin gidan sauro, ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓi a wajen awo, ki kuma riƙa zuwa a kan lokaci. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa. Maigida da uwar miji, idan an raba nama a gida a fara cire rabon mai ciki, domin rai biyu take ciyarwa. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya raba lafiya, Ya ba mu zuriya mai albarka, amin.