Mene Ne Injin Mota Mai Siffar V?

Manoman fadamar Wurno, Rabah da Goronyo sun san injin ban-ruwa. A cikinsa akwai wani rami kamar turmi, sunansa silinda. A cikin ramin akwai fistin, mai hawa da sauka kamar taɓarya. Fetur da iska suna shiga ramin, fulogi ya ba da tartsatsin wuta, man ya ƙone ya tura fistin. Daga nan ƙarfin inji yake fitowa.

Ƙaramin injin ban-ruwa silinda ɗaya gare shi, haka ma babur na haya. Mota kuwa tana bukatar fiye da haka. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, silinda huɗu gare ta, a jere a layi ɗaya.

Idan silinda suka yi yawa a layi ɗaya, inji yakan yi tsawo, ya ci wuri. Saboda haka masu ƙera mota sukan raba su layi biyu, sama a buɗe, ƙasa a haɗe, kamar gwafa. Wannan siffa ta yi kama da harafin V na Turanci, wanda babu shi a haruffan Hausa. Mai silinda shida shi ne V6, uku dama uku hagu. Mai takwas shi ne V8. Kamfanin Ford na Amurka ya yaɗa V8 a motocin jama'a tun 1932. Yawancin Toyota Sienna da ake gani a tasha V6 ne.

Irin wannan inji yana da ƙarfi. Yana jan kaya, yana jure doguwar tafiya. Amma kowane allazi da nasa amanu. Yawanci ya fi mai silinda huɗu shan fetur, ga shi mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Ya fi cin baƙin mai a lokacin juye. Fulogi shida ko takwas ake saya masa, ba huɗu ba. Kansa biyu ne, don haka idan ya yi zafi ya ƙone gasket, kuɗin gyara yakan ƙaru. A Sienna, fulogi uku suna ɓoye ta baya, sai bakanike ya kwance wasu sassa kafin ya kai gare su.

Don haka duk wanda ya sayar da albasa ko tafarnuwa yana son sayen motar haya, kada fenti ya ruɗe shi. Ya tafi da bakaniken da ya yarda da shi. A buɗe gaban mota, a ƙirga silinda, a duba ko an rubuta V6 a murfin inji. Sannan ya lissafa man zuwa Sakkwato da dawowa, ya gwada da kuɗin da fasinja za su biya. Idan lissafi bai fita ba, mai silinda huɗu ta ishe shi.