Abin Da Ke Hana Tsofaffin Manhajoji Haɗuwa A Ubuntu 22.04

Da Ubuntu 22.04 ta fito a watan Afrilun 2022, masu gina manhaja daga tushen kod ɗinta sun sha ciwon kai. Manhajar da jiya ta haɗu lafiya lau, yau sai ta cije a tsakiyar aiki. Ruby 2.7 da 3.0 na cikin waɗanda abin ya shafa. Musabbabin shi ne OpenSSL, laburaren da ke kulle bayanai yayin da suke yawo a intanet. Ubuntu ta ajiye sigar 1.1.1, ta koma 3.0 wadda ta fito a Satumbar 2021.

Gina manhaja mataki biyu ne. Da farko kwamfaila, irin su GCC, kan juya kod zuwa yaren na'ura, tana dogaro da fayilolin .h don sanin ayyukan da laburare ke da su. Daga nan sai linka ya ɗaure manhajar da laburaren kansa. Inda aikin ya tsaya shi ke nuna inda cutar take.

Idan kwamfaila ta ce ba ta ga openssl/ssl.h ba, galibi kunshin libssl-dev ne ba a saka ba. Idan linka ne ya ce "undefined reference", sau da yawa fayilolin .h na wata siga ne, laburaren kuma na wata. Idan kuwa manhajar ta haɗu amma ta ƙi tashi tana neman libssl.so.1.1, to da tsohuwar sigar aka ɗaure ta. Umarnin ldd kan jero laburaren da manhaja ke nema, pkg-config kuma ya faɗi sigar da ke kan kwamfuta.

A nan ne gaggawa ke jawo asara. Wasu kan laƙaba wa libssl.so.3 sunan tsohon fayil, alhali sigogin biyu ba sa maye gurbin juna. Wasu kuma kan kwaso tsohon kunshin su ɗora wa tsarin gaba ɗaya, ga shi tun 11 ga Satumbar 2023 masu OpenSSL suka daina fitar wa 1.1.1 gyaran tsaro na kyauta.

Mafita mai ɗorewa ita ce komawa sigar da ta san OpenSSL 3.0, kamar Ruby 3.1. Wanda dole ta sa ya zauna a tsohuwa, sai ya gina 1.1.1 a folda ta daban, ya nuna wa Ruby ita da --with-openssl-dir, kuma kada ya bar wannan manhaja a buɗe ga intanet.