Ruwan Famfo, Ruwan Gora da Wanda Ke Cikin Akushi

Ba duk ruwan da jiki ke samu ne ke bi ta moɗa ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar daga abinci yake fitowa. Kankana kashi 92 cikin ɗari ruwa ce, tumatir da kokwamba ma sun ɗan ɗara ta. Ga kokon safe, ga kunun tsamiya, ga fura da nono, ga miya, har tuwon kansa da ruwa aka tuƙa shi. Wanda ya wuni a kan gurasa da kilishi kuwa, ƙishirwa za ta tuna masa.

Sauran kashi huɗun ake gardama a kansu. Mutane da yawa sun yanke wa ruwan famfo hukunci tun ba su ji ta bakinsa ba. A matatun ruwa irin na Tamburawa da Challawa a Kano, ana sa alif datti ya kwanta, a tace, a zuba kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Ɓarnar a hanya take aukuwa. Bututu ya tsufa ya huje, ga shi ya ratsa ta cikin kwata. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, waje yake tsartuwa. Da zarar an ɗauke shi, sai ƙazantar kwatar ta samu ƙofar shiga. Shi ya sa ruwan farko da ya zo bayan an ɗauke ya fi dacewa da wanki.

Ruwan gora da na leda, wato fiya wata, yawanci daga burtsatse ake jawo su a tace a ɗura. Kamfani mai tsoron Allah ruwansa lafiya lau ne, amma roba ba ta tsarkake abin da aka zuba mata. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, duk da cewa lambar ma akwai masu buga ta jabu. A kuma guji wanda ya kwana biyu jibge a rana a bakin shago.

A ganina, magidancin da kuɗin gora ya fi ƙarfinsa bai rasa komai ba idan ana tafasa ruwan gidansa ya yi minti guda yana ɓararraka. Inda aka fi sakaci randa ce. Yaro ya dawo daga wasa, ya tsoma moɗa har da hannunsa, ruwan da aka sha wahalar tafasawa ya koma gidan jiya. A rufe randa, a ware mata moɗa mai dogon mariƙi, a riƙa wanke ta kafin a sake cikawa.