Kiɗan Viyana na Farkon Ƙarni na 19 da Fayafayan da Suka Cancanci Sauraro

Kiɗan da Turawa ke kira kilasik ya sha bamban da sauran kaɗe-kaɗe ta fuska guda, domin mai tsara shi rubuta shi yake yi a takarda da wasu alamomi, wasu makaɗa su karanta su kaɗa ko da ya daɗe a kabari. A farkon ƙarni na 19, lokacin da birnin Viyana na ƙasar Ostiriya ke cibiyar wannan fasaha, ba a ƙirƙiro na'urar ɗaukar sauti ba, saboda haka takardar kaɗai ta rage, kuma kowane jagoran makaɗa da irin fassarar da yake yi mata. Wannan ne ya sa zaɓen faifai ya zama babban al'amari ga mai sauraro.

Ludwig van Beethoven, wanda aka haifa a Bonn ta Jamus a 1770 ya rasu a Viyana a 1827, ya tsara simfoni tara, wato dogon kiɗa mai sassa huɗu a galibi, wanda babban ayari na masu goge da sarewa da ƙaho da ganguna ke kaɗawa tare. Ta biyar, wadda aka fara kaɗawa a Disambar 1808, tana buɗewa da sautuka huɗu kacal, uku gajeru ɗaya dogo, kuma daga wannan ɗan ƙwayar iri ya gina sashen farko kusan gaba ɗaya. Faifan da jagoran makaɗa Carlos Kleiber ya ɗauka da ayarin Filhamonik na Viyana a 1974 a kamfanin Deutsche Grammophon shi ne ya fi dacewa da sabon shiga, saboda zafinsa bai hana a ji kowane kayan kiɗa sarai ba.

Inda saɓani ya fi tsanani tsakanin jagororin makaɗa shi ne batun sauri. A 1817 Beethoven ya fitar da lambobin metronom, wata na'ura mai ƙas-ƙas da ke ƙayyade yawan bugu a minti, amma jagorori da yawa na ƙarni na 20 sun ga saurin ya wuce hankali, suka yi watsi da lambobin. Simfoni ta tara, ta 1824, wadda ya rubuta lokacin da kurumta ta riga ta ci ƙarfinsa, ya kuma shigar da muryoyin mawaƙa a sashenta na ƙarshe, ita ce ke nuna girman tazarar. Wilhelm Furtwängler ya kaɗa ta a Bayreuth a 1951 cikin kusan minti 74, yana ja yana sassautawa yadda ransa ya so, yayin da John Eliot Gardiner, wanda ya yi aiki da kayan kiɗa irin na zamanin Beethoven, masu tsirkiyar hanjin dabba, ya kammala ta cikin kimanin sa'a guda. Sautin faifan Furtwängler tsoho ne, har tarin 'yan kallo ana ji, amma sashe na uku a hannunsa yana da nauyin da na Gardiner bai kai ba, ko da yake Gardiner ya fi kusa da abin da aka rubuta.

Franz Schubert, ɗan asalin Viyana, ya rasu a 1828 yana da shekara 31, ya bar waƙoƙi sama da 600 na murya ɗaya da fiyano. Daga cikin waɗanda suka fi shahara akwai waƙoƙi 24 na Winterreise, wato tafiyar hunturu, na 1827, waɗanda ya ɗora a kan baitocin Wilhelm Müller game da wani saurayi da soyayya ta juya wa baya, ya bar gari cikin ƙanƙara. Mawaƙi Dietrich Fischer-Dieskau ya ɗauke su sau da dama, kuma waɗanda ya yi da makaɗin fiyano Gerald Moore su ne masu sauraro suka fi komawa gare su. Da yake da Jamusanci ake rera su, kuma fiyanon kan kwaikwayi abin da baiti ke faɗa, kamar kaɗawar iska ko haushin karnuka, ya kamata a nemi bugun da ya zo da ɗan littafin fassarar kalmomin.