Yaushe Igiyar Lilo Ke Saki?

Babu wani a cikinmu wanda bai taɓa ɗaura dutse a bakin igiya ya wulwula shi ba. Mun kuma san wani sa'i dutsen yakan kewaya daidai, wani sa'i kuwa sai ya hau sama, igiya ta yi sako-sako, ya rikito wa mutum a ka. Mukan ce kuskuren hannu ne. To, ashe abin yana da ƙa'ida, ana iya lissafta ta tun kafin a saki dutsen.

Mu fara da halin igiya. Igiya tana ja, amma ba ta turawa. Sanda tana yin duka biyu. Abu mai gudu kuwa, in an bar shi, sosai yake so ya miƙe. Ba ya bin hanya mai lanƙwasa sai da abin da ke jawo shi wajen tsakiya. Gwargwadon saurinsa, gwargwadon jan da yake bukata.

Mu kafa ƙusa a bango, mu rataya dutse da igiya mai tsawon ƙafa 3. Muddin dutsen yana lilo ƙasa da ƙusa, nauyinsa yana ɗame igiya, ba ta saki ko da ya tsaya cik. Amma da ya wuce daidai da ƙusa ya yi sama, sai al'amari ya juya, nauyinsa ya koma yana jawo shi ciki, wajen ƙusa. In yana da sauri ƙwarai, nauyin bai isa ya riƙe shi bisa hanya ba, sai igiya ta cika sauran. Yana hawa gudu yana raguwa, aikin igiya yana raguwa, har a kai inda nauyi kaɗai ya isa. Nan igiya ke saki. Daga nan dutsen ya bar kewaye, ya tafi kamar wanda aka jefa, har ya fizgi igiya a wani wuri.

Yanzu ga lissafi. Mu auna ƙarfin dutsen da tsawon da zai iya hawa daga ƙasan lilonsa in babu abin da ya tare shi. In ƙarfin bai wuce na ƙafa 3 ba, watau tsawon igiya, zai yi lilo ya komo lafiya. In ya kai na ƙafa 7 da rabi, watau tsawon igiya sau biyu da rabi, zai kewaye ƙusa sarai. Tsakanin waɗannan biyu lalle igiya za ta saki.

Nan ne yawancinmu ke tuntuɓe. Mukan ce, ai daga ƙasa zuwa ƙoli ƙafa 6 ne, don me za a nemi 7 da rabi? Da sanda ce, da 6 da ɗan ƙari sun isa, gama sanda tana tokare dutse ko ya iso ƙoli a gajiye. Igiya kuwa sai ya iso da sauran gudu. Wurin sakin ma sananne ne: a ɗebe tsawon igiya daga ƙarfin hawan, a ɗauki kashi biyu cikin uku na abin da ya rage, shi ne tsawon wurin bisa ƙusa. Mai ƙarfin ƙafa 6 ke nan zai saki a ƙafa 2 bisa ƙusa, saura ƙafa guda ya kai ƙoli.

Wannan bincike ya daɗe. Galileo, mutumin Italiya, a littafinsa na 1638, ya kafa ƙusa ta biyu ƙarƙashin ta fari don ta tare igiya, ya ga dutsen yana hawa daidai tsawon da ya fito. Ya kuma lura in an yi ƙasa da ƙusar sosai, igiya takan nannaɗe ta. Huygens na Holan, wanda ya ƙago agogo mai lilo a 1656, ya bayyana a 1673 cewa dutsen da aka sako daga daidai da ƙusa yana jan igiya da nauyinsa sau uku sa'ad da ya iso ƙasa. Mai kewayewa sarai kuwa, sau shida ne ko fiye. Saboda haka igiyar da ta ɗauki dutse a rataye tana iya tsinkewa in an wulwula shi.

Muna iya gwadawa da kanmu. Mu sami igiya mai ƙafa 5, mu kafa ƙusa ta biyu ƙafa 3 ƙarƙashin ta fari. Saura ƙafa 2 ke nan, 2 kuwa sau biyu da rabi 5 ne. Mu miƙe igiya daidai da ƙusar sama, mu saki. In mun ƙara yin ƙasa da ƙusar kaɗan, domin iska tana cin wani abu daga gudun, za mu ga ta nannaɗe. In mun ɗaga ta da inci 6, sai igiya ta saki.

Gobe mu ne za mu tsaya gaban yara. In za mu nuna musu wannan, mu ɗaura ƙwallon tsumma maimakon dutse, mu sa su faɗi inda igiya za ta saki tukuna, sa'an nan mu sake shi su gani.