Kan Wani Inji a Jikin Wani: Yadda Ake Haɗa Su Ba Tare da Asara Ba

Da yawa daga cikinmu mun taɓa tsayawa a bakin gareji muna kallon bakanike ya buɗe bonet, ya kwance notuna, ya ɗaga wani ƙarfe mai nauyi daga saman inji. Wannan ƙarfen shi ne kan inji, wanda makanikai ke ce wa tof silinda. Yawanci gyara shi ake yi a mayar. Amma akwai masu haɗa mota ta musamman waɗanda ke ajiye shi gefe, su ɗauko na wani inji daban su ɗora. Me suke nema, kuma me ya sa aikin ke da haɗari?

Mu fara da yadda inji yake. Gangar jikinsa, wato bulok, tana ɗauke da ramukan silinda inda fistin ke hawa da sauka. Kan shi ne murfin waɗannan ramuka. A cikinsa ne bawul-bawul suke, masu buɗewa iska da fetur su shiga, da masu buɗewa hayaƙi ya fita. Girman gangar jiki ne ke nuna yawan iskar da inji zai iya ɗauka, shi kuwa kan yana nuna sauƙin shigarta da fitarta. Wani injin yana da babban jiki amma numfashinsa da ƙyar. Wani ƙarami ne amma hanyoyin iskarsa a buɗe suke. Burin masu wannan aiki shi ne su haɗa babban jikin da kan da ya iya numfashi.

Dabarar ta yi ƙarfi ne a Amurka. A 1932 kamfanin Ford ya fitar da inji mai silinda 8 wanda bawul ɗinsa ke cikin gangar jiki, ba a kai ba. Injin yana da araha, amma iska ba ta ratsa shi da kyau, ga saurin zafi. Wajen 1947 wani injiniya mai suna Zora Arkus-Duntov da ƙanensa Yura suka ƙera masa sabon kai na alminiyom mai suna Ardun, wanda ya mayar da bawul ɗin sama. Masu tseren mota suka rungume shi. Daga baya Zora ya koma kamfanin General Motors, inda ya yi suna wajen gina motar Corvette.

Masu son motocin Japan ma sun bi sahu. Sukan ɗauki gangar jikin injin Honda B18B mai lita 1.8 su ɗora masa kan B16A mai tsarin VTEC, wanda Honda ta fara fitarwa a 1989. Tsarin VTEC da ƙarfin baƙin mai yake aiki, ita kuwa gangar B18B ba a yi mata hanyar da za ta kai man wurin ba. Dole sai an ja bututu ta waje. Haka a Toyota, ana ɗora kan 4A-GE a jikin 7A-FE, injin da wasunmu suka sani a tsofaffin Corolla da Carina. Tun da jikin 7A ya fi tsawo, bel ɗin taimin na asali ba ya kaiwa, sai an nemo wanda ya fi shi tsawo.

Mu lura cewa duk waɗannan injina 'yan gida ɗaya ne. Tazarar da ke tsakanin silinda da silinda iri ɗaya ce, ramukan notuna ma sun dace. Idan waɗannan biyun suka saɓa, magana ta ƙare tun daga nan. Idan sun dace, sai a duba ramukan ruwa da na baƙin mai, a ɗora gasket a ga ko kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa. Rami ɗaya ya toshe, inji ya yi zafi. Rami ɗaya ya kauce, ruwa ya gauraya da mai.

Sai lissafi, irin wanda muke yi a aji. A saman fistin akwai ɗan fili da ke ragewa idan ya kai ƙarshen hawansa, a nan ake matse iska da fetur kafin fulogi ya ba da wuta. A ce fistin yana share cc 500, filin da ya rage kuma cc 62.5 ne. Mu haɗa su, 562.5 ke nan, mu raba da 62.5, mu sami 9. Matsin ya zama 9 bisa 1. To, a ce sabon kan ya rage filin zuwa cc 50. Yanzu 550 a raba da 50 ya ba mu 11. Bambancin cc 12.5 kacal, ƙasa da cikin babban cokali ɗaya, ya ɗaga matsi daga 9 zuwa 11. Ƙarfi zai ƙaru, amma idan fetur ɗin ba mai jure matsi ba ne, zai riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, inji ya yi ta ƙwanƙwasa har fistin ya lalace.

Akwai kuma haɗarin karo tsakanin bawul da fistin. Don gwada wannan, akan manna ɗan yumɓun roba irin na wasan yara a saman fistin, a rufe kan, a juya inji da hannu zagaye biyu, sannan a buɗe a auna kaurin da ya rage inda bawul ya danna. Wanda ya tsallake wannan gwaji na iya jin ƙara ɗaya tak a tashin farko, bawul sun lanƙwashe, kuɗin wata da watanni sun tafi.

Ɗaure notuna ma da ƙa'idarsa. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, mataki-mataki, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Dalilin yana cikin darasin fiziks: idan zafi ya tashi, alminiyom yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfen da ake zuba gangar inji da shi. Ɗaurin da bai daidaita ba zai sa kan ya karkace, gasket ya ƙone.

A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, za mu iya ganin kawunan injina jibge, wasu kamar an tsaga kara. Ido ba ya raba su, ma'auni ne ke rabawa. Duk wanda a cikinmu yake sha'awar wannan fanni, ya fara da riƙe darasin juzu'i da na rabo da kyau. Lokacin hutu kuma, da izinin iyaye, ya nemi wani bakanike ya nuna masa tsohon gasket, ya ƙirga ramukansa, ya tambayi aikin kowanne.